Shagon ido na uku da muka gwada wa Baba da katin Medicare, a nan muka tsaya

Abin da ya sa na tashi tsaye a kan maganar idon Baba ba wani babban abu bane, gaisuwa ce. Wani abokinsa da suke sallah masallaci ɗaya ya tare ni bayan Juma'a yace wai me ya yi wa Baba, sun haɗu a titin Webster Avenue a nan Bronx, New York, ido da ido ya ɗaga masa hannu amma Baba ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Duk wanda ya san Baba ya san mutum ne da zai tsallaka titi dan ya gaida yaro ƙarami, toh nan fa jikina ya yi sanyi. Dama na daɗe ina ganin alamu ina share wa, tabarau irin na kantin magani ɗin nan masu lamba a jiki har guda huɗu a kan teburinsa kuma ba wanda yake masa aiki, karatun Alƙur'ani bayan asuba ya koma sai gari ya waye ya matsa jikin taga, shayi kuma in zai zuba sai rabi ya sauka a faranti. In na yi magana yace ƙwan fitilar falon ne ya yi rauni. Sau biyu ina canja ƙwan nan.

Baba shekararsa 68, tun 1994 yake New York, tasi ya ja kusan duk zamansa har ya ajiye, kuma Alhamdulillah mutum ne mai biyan haraji, dan haka da ya cika 65 ya samu Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ba wata wahala, tunda sharaɗin samun Part A, wato ɓangaren kwanciya a asibiti, ba biya shi ne aikin shekara 10 da aka cire maka haraji. Katinsa shi ne asalin nan mai ja da fari da shuɗi, Part A da Part B na ganin likita, sai wani daban na magani. Ba shi da Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba shi da irin tsarin kamfanonin nan da ake ce wa Medicare Advantage. Ku riƙe wannan dan duk rikicin da muka sha daga nan ya taso. Yana kuma da ciwon suga yau wajen shekara 9.

Ni a tunanina abin mai sauƙi ne, tsoho yana da katin gwamnati, duk wata ana cire masa dala 185 daga kuɗin fanshonsa na Part B a shekarar 2025, sai kawai mu shiga shagon tabarau a auna shi a ba shi gilashi mu dawo gida. Da a Kano ne ma ba sai na yi tunani ba, kowa ya san hanyar asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ka yi sammako ka yanki kati ka bi layi. Nan kuwa shagon tabarau kamar jamfa a Jos, a Fordham Road kaɗai sai ka ƙirga ka gaji, kowanne ya manna takardu a gilashin ƙofa da sunayen inshora birjik.

Na farkon da muka shiga na kira su tun kafin mu fita na tambaya kuna karɓar Medicare, yarinyar tace eh muna karɓa ku zo. Muka hau bas muka je, na miƙa kati, ta juya shi gaba ta juya baya tace ina ɗayan. Nace wanne ɗayan? Tace na kamfanin. Ashe ita in taji Medicare abin da ke zuwa mata a kai shi ne Advantage, masu ɗan kason tabarau a ciki, wannan na hannun Baba kuma wai ba abin da zai biya a shagonsu, in muna so mu biya awo da kuɗinmu a take. Baba ya kalle ni yace Mamana mu tafi, dama nace miki idona lafiyarsa ƙalau. Haushi biyu kenan, ga kuɗin bas ga an ba tsoho hujja.

Na biyun ma ban kai Baba ba, ni kaɗai na leƙa bayan na tashi daga aiki. Su kam suna karɓar katin amma likitan nasu sau ɗaya yake zuwa a sati, kuma da nace mai suga ne ina so a duba masa bayan ido sai mutumin yace ai suna da na'urar hoto, a biya ƙari a ɗauka minti biyu an gama ba sai an ɗiga magani ba. Yadda yake maganar yana kallon ƙofa ko wani kwastoma zai shigo shi ya sa na fita ban waiwaya ba.

Abin da ya ƙara rikita mu shi ne majalisar su Baba. Wani Alhaji ɗan Kumasi ya rantse masa cewa shi duk shekara kyauta ake ba shi tabarau, wani ɗan Maraɗi yace shi ko sisi bai taɓa biya ba a wajen likitan ido, sai Baba ya dawo gida yana min kallon ke ce ba ki iya nema ba. Kuma duk cikinsu ba mai ƙarya. Na Kumasin Advantage gare shi, na Maraɗin kuma yana da Medicare haɗe da Medicaid, ita Medicaid ta jihar New York tana biyan awo da tabarau duk bayan shekara biyu. Kowa da irin katinsa amma a baki duk Medicare suke cewa.

Sai da na zauna wani dare na karanta abin da kaina, kuma gaskiya na ji kunyar kaina, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu shekara da shekaru amma ban taɓa sanin wannan ba. Asalin Medicare ba ta biyan awon da ake yi dan a san lambar tabarau, wanda suke kira rifirakshin, wato wancan na ɗaya ko biyu, wanne ya fi. Ba ta kuma biyan tabarau ɗin kansa. Abin da take biya shi ne ido a matsayin ciwo. Mai suga yana da damar a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara saboda suga yana cin ƙananan jijiyoyin jinin da ke can ciki a hankali mutum bai sani ba. Akwai gwajin hawan jinin ido, gilakoma, sau ɗaya a wata 12 ga waɗanda suka fi shiga haɗari, kuma a cikinsu akwai mai suga, da wanda aka taɓa yi a danginsu, da baƙar fata mai shekara 50 zuwa sama, kunga Baba ya shiga ta ƙofa biyu. Tana biyan aikin yanar ido, kuma wuri ɗaya tak da take sayen tabarau shi ne bayan an yi aikin yana an saka sabon gilashi a cikin idon, nan za ta biya guda ɗaya mai firem na talaka. A duk waɗannan kai za ka biya kashi 20 cikin 100 bayan ka cike kuɗin farko na shekara da ake fara cirewa daga aljihunka, wanda a 2025 dala 257 ne.

Ni dai har yau abin bai zauna min ba, tsarin da aka kafa tun 1965 dan tsofaffi a ce ya bar tabarau a waje, sai kace akwai ɗan shekara 65 da idonsa yake garau. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Wani abu kuma da ya kamata mutanenmu su rarrabe, mu duk likitan ido muke cewa amma mutum uku ne. Akwai mai yanka gilashi ya saka a firem ya daidaita maka a hanci, shi ba likita bane. Akwai optometiris, za ka ga OD a bayan sunansa, shi yake awo, ya duba lafiyar ido, ya rubuta maganin ɗigawa, ya tura ka gaba in abin ya fi ƙarfinsa. Sai likitan tiyata mai MD, shi ke cire yana. Mu na tsakiyar muke nema, wanda zai duba Baba a matsayin mara lafiya ba a matsayin mai sayen firem ba.

Na shiga shafin Medicare.gov, akwai wajen neman likitoci da suke kira Care Compare, ka saka lambar unguwarku ka zaɓi irin likitan, sai ya jero maka su har ya nuna wanda ya yarda ya tsaya a kan farashin da Medicare ta yanke. Wannan shi ne asainmen, kuma ita ce kalmar da ta canja min komai a waya. Wanda ya karɓi asainmen ba zai ƙara maka ko kwabo a kan farashin gwamnati ba, kashi 20 ɗinka kawai. Wanda bai karɓa ba dokar ƙasa ta ba shi dama ya ɗora har kashi 15, mu nan New York an rage shi zuwa kashi 5 a yawancin abubuwa. Akwai kuma waɗanda suka fita daga tsarin gaba ɗaya, su komai daga aljihunka. Na rubuta wurare bakwai a bayan ambulan na fara kira lokacin hutun cin abinci. Tambayata ta daina zama kuna karɓar Medicare, ta koma kuna karɓar asalin Medicare Part B, kuna karɓar asainmen, kuna duba bayan idon mai suga da maganin ɗigawa, nawa ne rifirakshin. Biyu suka ce sai bayan wata uku, ɗaya wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba, ɗaya ta ajiye ni a layi har hutuna ya ƙare.

Na biyar da na kira shi ne wanda nake wannan rubutun a kansa. Ƙaramin wuri ne a gefen Grand Concourse, tafiyar 'yan mintuna daga tashar jirgin ƙasa na layin D, gaba shagon firem ne, ciki kuma ɗakunan awo biyu. Matar da ta ɗauki waya, dattijuwa ce 'yar Dominika daga baya na gane, tun ban gama jero tambayoyina ba tace tsaya, katin nasa mai ja da fari da shuɗi ne ko na kamfani? Nace mai ja da fari da shuɗi. Tace yana da wani kati na biyu da ke cike kashi 20 ɗin? Nace babu. Tace toh ki saurara, duba lafiyar idon za mu tura wa Medicare, ku za ku biya kasonku daga baya in takarda ta fito, awon lambar tabarau kuma dala 50 ne ranar da kuka zo kuma ba dole bane, in ba kwa so ku faɗa tun a ƙofa, tabarau kuma duk naku ne. Ta ce in zo da jerin magungunansa da sakamakon gwajin suga na ƙarshe, kar ya tuƙa mota, in taho masa da baƙin gilashi. Wallahi ban taɓa ganin likitan ba amma a wayar nan na gama yanke shawara. Mutum ya gaya maka abin da za ka biya tun kafin ka saka takalmi, a garin nan ba ƙaramin abu bane.

An ba mu ranar Talata ƙarfe 10 na safe, kwana 12 tsakani. Bari in fara da abin da bai min daɗi ba. Mun isa 10 saura kwata, ba a kira mu ba sai 11 saura. Kujerun jira shida ne kacal a wani lungu tsakanin kabad ɗin firem da ƙofar bayi, mutane kuwa sun fi goma, sai da wani saurayi ya tashi ya ba Baba wuri, Allah ya yi masa albarka. Talabijin na ta ihu da Sifaniyanci, hita kuma an ƙure ta kamar gidan burodi, Baba da ya sako rigar sanyi a kan jallabiya sai gumi yake. Wajen ajiye mota kar ma ka saka rai, ka hau jirgi ko bas. Takardun cikewa shafi biyar da ƙananan rubutu, a asibitin ido fa, inda duk wanda ya zo dama ba ya gani sosai, da ba na nan ban san yadda Baba zai yi ba.

Da aka kira mu wata yarinya ce ta fara, ta zaunar da shi gaban na'urori. Akwai wadda za ka leƙa ka ga ɗan gida a ƙarshen titi yana fitowa yana ɓacewa, wannan ya wuce lafiya. Sai mai hura iska. Ta gaya masa za a ɗan busa masa iska amma ina jin bai ɗauka da gaske ba, tana dannawa Baba ya yi baya da kujera yace a'uzubillahi, hularsa ta faɗi. Yarinyar ta yi ta ba shi haƙuri tana danne dariya, ni kam ban iya dannewa ba. Sai da aka yi sau uku kafin a samu na idon dama.

Likitar mace ce, ba za ta wuce shekara 40 ba, kuma abin da ya fara burge ni shi ne Baba ta kalla ta gaisar, ba ni ba. Yawanci in ka raka tsoho asibiti sai su mayar da shi kamar kaya su yi ta magana da kai a kansa. Ta tambaye shi me ke damun idon, Baba yace ba komai, lafiya lau, 'yata ce ta matsa. Halin mutanenmu kenan, ko ana ɗauke da mutum a makara in ka tambaye shi zai ce da sauƙi. Ta yi murmushi tace toh da daddare fitilun motoci fa, yaya kake ganinsu? Nan ya yi shiru, sai yace suna watsewa kamar an fasa ƙwai. Tace fuskar mutane daga nesa fa? Ya kalle ni ya kawar da kai. Ashe ya fi shekara yana fama, har ya daina fita sallar isha'i shi kaɗai, mu muna zaton sanyi ne ya hana shi.

Turancin Baba na tasi ne, ya san kowane lungu daga filin jirgin JFK zuwa Yonkers amma in aka shiga maganar asibiti sai ya gaji ya koma Hausa. Sun ce in muna so za su kira mai fassara ta waya, nace a bari ina nan. Da aka zo wajen ɗaya ko biyu, tana juya gilasai a gaban idonsa tana tambaya, ya amsa na farko ya amsa na biyu, can ya gaji ya juyo yace min duk ɗaya ne. Ni kuma bakina ya riga tunanina nace mata yace ɗaya. Sai da ta rubuta sannan na farga nace a'a a'a, nufinsa ba bambanci. Ta yi dariya tace wannan ma amsa ce, kuma ita ce amsar da take nema, in an kai inda ba bambanci an iso. Ta sake daga baya ba tare da ta nuna gajiya ba. Ga masu iyayen da ba su yi boko ba, na tambaye ta, tace suna da allon da harafi ɗaya ne yake juyawa, mutum ya nuna da hannu ina ƙafafunsa suka kalla, dan haka kar wannan ya hana ku kawo su Hajiya.

Sai ta ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, aka mayar da mu lungun nan muka ƙara zaman kusan minti 25. Da muka koma ta kashe fitila ta saka wani abu a goshi ta haska cikin idon tana cewa kalli sama, kalli dama, kalli kunnena. Ta sake auna ƙarfin idon da wata na'ura mai shuɗiyar fitila wadda take taɓa idon bayan ta kashe shi da magani, tace ta fi ta iskar daidai. Na dama 23, na hagu 19, tace yawanci ana so ya tsaya tsakanin 10 da 21, amma lamba kaɗai ba ta isa a ce mutum yana da gilakoma ba, sai an duba jijiyar an kuma gwada gefe-gefen ganinsa, dan haka ta ba mu wata ranar dan wannan gwajin. Ta ce abin da ya sa ake tsoron ciwon shi ne ba ya zafi, daga gefe yake fara ci, kafin mutum ya lura an yi nisa kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bayan idon kuwa Alhamdulillah tace suga bai yi ɓarna ba tukuna, ta ce za ta aika wa likitansa na suga takarda. Babban abin dai yana ce, ta yi kauri a idon dama, ta fara a na hagu. Ta juyo da kwamfuta ta nuna masa, ta ce kamar gilashin mota ne da ya yi hazo daga ciki, ko ka goge waje ba zai fita ba. Tsohon direba, nan take ya gane, har da gyaɗa kai.

Toh ga inda wurin nan ya ci taurarin yabo a wajena. Lokacin da muke jiran maganin ya kama, mai sayar da firem ɗin gaba ya riga ya zagayo mu. Saurayi ne mai zaƙin baki, yana ta ɗora wa Baba firem kala-kala alhali idon ma a buɗe yake ba abin da yake gani a madubi, yana cewa wannan ya mayar da kai ɗan shekara 40. Ya buga lissafi, gilashi mai hawa uku na nesa da tsakiya da kusa, da rufin hana ƙyalli, da mai yin duhu a rana, ya kawo dala 480 wai har ya yi mana ragi. Ni kuma tausayin Baba ya kama ni har na fara lissafin yadda zan raba biyan a katina. Da na gaya wa likitar sai tace kar ki saya yanzu. Tace ko wane gilashi aka saka a gaban idon daman nan ba zai gyara sosai ba tunda matsalar a ciki take, kuma in aka cire yanar lambarsa za ta canja gaba ɗaya, kuɗin ya tafi a banza, sannan bayan aikin Medicare za ta biya kasonta na tabarau ɗaya. Ta ce in yana son na karatu kafin lokacin a yi masa mai sauƙi mai lamba ɗaya. Shagon da take aiki a ciki ne fa zai ci ribar dala 480 ɗin nan. Da muka fito saurayin ya ga na nufi wajen firem masu araha fuskarsa ta canja, gaisuwar sallama ma da ƙyar, kuma saboda shi da jiran nan ne na cire tauraro ɗaya.

Takardar lambar tabarau kuwa likitar da kanta ta miƙo min ban roƙa ba. Dama doka ce a Amurka, duk wanda ya auna ka dole ya ba ka takardarka ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko ka sayi gilashi a wajensa ko ka tafi wani wuri, dan haka kar wani ya riƙe muku ita.

Abin da muka biya ranar dala 50 na awon lamba, sai na karatun da muka yi oda mai sauƙi, ya fito bayan kwana 8. Kason Baba na duba idon ya zo daga baya dala 30 da ɗan wani abu, saboda ya riga ya cike dala 257 ɗinsa tun farkon shekara a wajen likitan suga. Na haɗa takardarsu da wadda Medicare ta nuna a shafinsa, lamba ɗaya ce ba ƙari ba ragi. Dattijuwar gaban tebur ma ta tuna min cewa wannan kuɗin farkon yana sake farawa ne duk Janairu, na 2026 kuma dala 283 ne, mu saka shi a lissafi in aikin ya faɗa sabuwar shekara. Ita ce kuma ta ce in kira 311 in nemi HIICAP, masu ba da shawara kyauta kan Medicare a jihar New York, su duba ko kuɗin shigar Baba ya isa ya shiga shirin da ke biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin Part B, tunda jihar ta faɗaɗa shi a 2023. Na kira, an ba mu rana, muna tattara takardu.

Da yake lokacin canja tsari ne, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, wayar Baba ba ta huta ba, dillalai sai kira suke da alƙawarin tabarau kyauta da haƙori kyauta, Alhajin Kumasi ma ya dage sai Baba ya koma irin nasa. Na tambayi dattijuwar, tace ita ba za ta zaɓar mana ba, amma kafin mu saka hannu a komai mu tabbatar likitan sugarsa da likitan tiyatar da aka tura mu duk suna cikin tsarin, dan Advantage da jerin likitocinsa yake tafiya, wani aikin ma sai kamfani ya amince tukuna. Baba kuwa ba zai rabu da likitan sugarsa ba ko za a ba shi tabarau na zinare, dan haka mun bar katinmu yadda yake. Na dai ja masa kunne kar ya karanta wa kowa lambar katin a waya.

In za ku kai naku, kar ku karɓi ranar Juma'a da safe, maganin nan yana ɗaukar awa 4 zuwa 6 kafin ido ya dawo daidai. Mu mun fito wajen ƙarfe ɗaya saura, na manta baƙin gilashin da aka ce in kawo, suka ba shi wani na leda mai naɗewa da ake sakawa a bayan tabarau. Haka muka shiga jirgi, jallabiya da rigar sanyi da hula da baƙar leda a fuska, yana riƙe da hannuna yana mita wai na kawo shi da ido biyu zan mayar da shi ba ko ɗaya. Ranar ko wayarsa bai iya dubawa ba sai bayan la'asar.

Taurari huɗu cikin biyar na ba su. Gwajin gefen gani mun koma mun yi, wanda ake ba ka abin dannawa duk sanda ka ga ɗan haske, jiran ranar bai kai na farko ba saboda na karɓi ƙarfe 9, farkon layi. Likitar tace a ci gaba da sa ido, mu dawo bayan wata 6. Likitan tiyata kuma mun gan shi sau ɗaya, ya ce a fara da na dama. Yanzu rigimar da ake a gida ita ce rana, ni ina so a yi kafin azumi, Baba yace sai bayan sallah saboda an gaya masa zai yi makonni yana ɗiga magani sau da yawa a yini kuma shi bai gama tambayar malamai hukuncinsa da azumi ba, ya tambayi biyu sun ba shi amsa biyu, yanzu yana jiran na uku ya dawo daga Umara.